John Brodie: Injiniyan da ya ƙirƙiro ragar ƙwallon ƙafa

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a layin unguwa ya san yadda ake kafa gida: duwatsu biyu, ko silifa biyu, ko jakunkunan makaranta. Ya kuma san abin da ke biyo baya idan ƙwallo ta wuce dab da dutsen. Waɗanda suka buga su ce ta shiga, waɗanda aka buga wa su rantse cewa ta gefe ta bi. Sau da yawa a nan wasan ke tashi, mai ƙwallo ya ɗauki abarsa ya yi gida.

Irin wannan gardamar ce ta kaure a filin Anfield da ke birnin Liverpool a watan Oktoban 1889. Sai dai masu gardamar ƙwararrun 'yan wasa ne a gasar lig ta Ingila, a gaban dubban 'yan kallo. Cikin 'yan kallon akwai wani injiniya ɗan shekara 31 mai suna John Alexander Brodie. Ya bar filin ransa a ɓace, ya je ya zana abin da a yau ake gani ɗaure a bayan turaku a kusan kowane filin ƙwallo na duniya.

A bakin Bahaushe, abin da ya ƙirƙiro ya ma ƙwace sunan gidan baki ɗaya. Mai tsaron raga ake cewa, kuma a raga ake zura ƙwallo. Ba a cika tunawa da turke ba sai ƙwallo ta doke shi ta dawo. Amma mutumin da ya kawo ragar bai taɓa zama shahararren ɗan wasa ko koci ba. Tituna da gidaje da hanyar ƙarƙashin kogi su ne aikin da ya ci abinci da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Yaron da ya koyi aiki a bakin ruwa

An haifi Brodie a shekarar 1858 a Bridgnorth, wani ƙaramin gari a yankin Shropshire da ke yammacin Ingila. A 1875, yana da shekara 17, ya shiga koyon aiki a hukumar da ke kula da tashoshin jiragen ruwa na kogin Mersey, a Liverpool.

A wancan zamani tashar Liverpool na cikin mafiya hada-hada a duniya. Ta nan audugar Amurka ke shigowa masaƙun Lancashire, ta nan kuma jirage ke tashi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma su dawo da manja. Yaron da ya koyi aikin injiniya a irin wannan wuri dole ya saba da tambaya guda: ta yaya kaya da mutane za su wuce ba tare da cunkoso ko rikici ba?

Daga nan ya samu tallafin karatu ya tafi kwalejin Owens da ke Manchester, wadda daga baya ta zama tushen jami'ar birnin. Ya yi aiki a ƙarƙashin Sir Joseph Whitworth, injiniyan da ya yi suna wajen daidaita awon zaren kusoshi da noti, ta yadda na wannan masana'anta zai shiga na waccan. Ya taɓa aiki na ɗan lokaci a ofishin injiniyan birnin Liverpool, ya yi wani a Bilbao da ke Sifaniya, ya kuma buɗe ofishinsa na ba da shawara kan ayyukan gine-gine.

Kamar dubban mazauna Liverpool na lokacin, ranar Asabar da yamma yakan je kallon Everton. A shekarun nan Anfield gidan Everton ne. Sai a 1892 ƙungiyar ta koma Goodison Park bayan saɓani da mai filin, John Houlding, kan kuɗin haya, shi kuma ya kafa Liverpool don ta maye gurbin.

Yadda gida yake kafin raga

Kafin a fahimci abin da Brodie ya yi, sai an san halin da ya tarar da gidan ƙwallo.

Lokacin da aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a Landan a 1863, dokar da aka rubuta ta ce gida turaku biyu ne, tsakaninsu yadi takwas. Ba a yi maganar tsawo ba. Duk ƙwallon da ta bi ta tsakanin turakun an ci, ko da ta yi sama fiye da tsawon bishiya. Idan ta bi ta can sama, inda turakun ba su kai ba, sai dai kowa ya ƙiyasta da ido ko ta ciki ta bi ko ta waje.

Wanda ya taɓa kallon wasan folo a Katsina ko Kano ko Kaduna ya ga irin wannan gida da idonsa. Har yau gidan folo turaku biyu ne masu tazarar yadi takwas, babu sandar sama, babu raga, kuma sai an tsayar da mutum a baya riƙe da tuta don ya nuna ko ƙwallo ta shiga.

A 1866 aka ƙara dokar ɗaura igiya ta ƙyalle daga wannan turke zuwa wancan a tsawon ƙafa takwas. Igiyar takan saki ta yi ciki, iska ta kaɗa ta, ƙwallo ta ture ta. A 1875 aka yarda a sa sandar katako a madadinta, a 1882 kuma sandar ta zama tilas.

Tun daga nan awon bai sauya ba: faɗi yadi takwas, tsawo ƙafa takwas, wato mita 7.32 da mita 2.44. Gidan da ake tsarewa a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a yau girmansa ɗaya da wanda Brodie ya tsaya yana kallo a Anfield.

Turaku biyu da sandar sama sun shata iyaka, amma ba su iya ba da shaida. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi takan wuce cikin ƙiftawar ido ta faɗa cikin 'yan kallo, waɗanda sukan tsaya dab da bayan gida. Ga wanda ke tsaye a gefe, ƙwallon da ta bi ta cikin turke da wadda ta bi ta bayansa kusan hanyarsu ɗaya ce a ido.

Tsarin alƙalancin ma bai taimaka ba. Kowace ƙungiya takan kawo mutum ɗaya nata ya shiga fili ya yi hukunci, alƙali na uku kuma yana bakin layi, ba ya sa baki sai waɗancan biyun sun kasa daidaitawa. Ga shi kuma tun 1885 an halatta biyan 'yan wasa albashi, a 1888 an kafa gasar lig da ƙungiyoyi 12. Ƙwallo guda ta fara zama maki, maki kuma ya zama kuɗin ƙofa. Musu ya tashi daga raha ya koma abin da ke iya ta da tarzoma.

Ranar da aka hana Everton ƙwallo

Everton da Accrington duk suna cikin ƙungiyoyi 12 da suka kafa gasar. A karawarsu ta watan Oktoban 1889, Everton ta buga wata ƙwallo da magoya bayanta suka haƙiƙance ta shiga. Masu hukunci suka ce ta waje ta bi. Aka tashi wasa 2-2, jama'a suka watse cikin fushi.

Mafi yawan waɗanda suka bar filin ran nan laifin alƙali suka gani. Brodie ya ga laifin gidan ne. A lissafinsa na injiniya, matuƙar ƙwallo za ta wuce ta ɓace, to ko an kawo alƙalin da ya fi kowa gaskiya sai an yi musu da shi, domin babu abin da zai nuna wa mutane su gani.

Maganin da ya kawo ba shi da wuyar fahimta. A ɗaura raga a jikin turakun da sandar sama, a ja ta baya a kafe a ƙasa, ta zama kamar aljihu. Ƙwallon da ta bi ta ciki za ta maƙale a aljihun, kowa ya je ya gan ta. Wadda ta bi ta waje ba ta da hanyar shiga. Gani ya kori ji.

Raga ba sabon abu ba ce a garin da ke bakin teku, masunta sun daɗe suna saƙa ta. Sabon abin shi ne inda ya kai ta da aikin da ya ba ta. A watan Nuwamban 1889, 'yan makonni bayan wasan, ya nemi hukuma ta yi masa rajistar mallakar wannan fasaha, aka kuma ba shi a 1890.

Gwaji da karɓuwa

Babban gwajin da ya buɗe wa ragar ƙofa an yi shi ne a watan Janairun 1891 a birnin Nottingham, a wasan da ake haɗa zaɓaɓɓun 'yan wasan arewacin Ingila da na kudanci. Wanda ya fara jefa ƙwallo a ragar shi ne Fred Geary, ɗan wasan gaban Everton, wato ƙungiyar da aka hana ƙwallon da ta jawo ƙirƙirar.

A cikin shekarar hukumar gasar lig ta karɓi ragar. A watan Maris na 1892 aka ɗaura ta karon farko a wasan ƙarshe na Kofin FA, a filin Oval da ke Landan, inda West Bromwich Albion ta doke Aston Villa da ci 3-0.

Shekarar 1891 ta zo da wasu sauye-sauye biyu. An shigar da alƙalin wasa cikin fili da cikakken iko, aka mayar da mutanen ƙungiyoyin biyu bakin layi a matsayin mataimaka. An kuma kawo bugun fenariti, wanda wani mai tsaron gida ɗan Ireland, William McCrum, ya ba da shawararsa. Dukkan ukun matsala ɗaya suka zo magancewa: wasa ya girma, kuɗi sun shigo, ba za a ci gaba da dogaro da cewa kowa zai faɗi gaskiya don mutuncinsa ba.

Ragar ta zo da wasu amfanonin da ba su ne manufar farko ba. Ta raba mai tsaron gida da 'yan kallon da ke bayansa. Ta rage lokacin da ake ɓatawa wajen neman ƙwallo. Ta kuma ba wa wanda ke zaune can nesa alamar da zai gani, domin da zarar raga ta motsa ya san an ci.

Injiniyan birnin Liverpool

A 1898 aka naɗa Brodie babban injiniyan birnin Liverpool, muƙamin da ya riƙe har 1926, shekara 28 ke nan.

Birnin da aka damƙa masa yana da arziki, amma a cunkushe yake. Manyan titunansa duk daga bakin ruwa suka taso suka bazu, kamar yatsun hannu. Mai son zuwa daga wata unguwar bayan gari zuwa wata sai ya shigo tsakiyar birni tukuna. Brodie ya tsara titin zobe mai suna Queens Drive wanda ya kewaye birnin ta gabas ya haɗa waɗannan titunan. Ana lissafa shi cikin titunan zobe na farko a Birtaniya.

Ya yi hakan ne a lokacin da dawakai ke jan mafi yawan kaya, motoci kuma ba su da yawa. Ya nace a yi tituna masu faɗi, hannu biyu, a bar fili a tsakiya. A wannan fili na tsakiya ya shimfiɗa layin taragon lantarki, don kada tarago da sauran ababen hawa su riƙa tare wa juna hanya. Taragon ya daina aiki a Liverpool a 1957, amma faffaɗan titunan suna nan, motocin da ya hango zuwansu suna bi.

Shi ne kuma ya kawo shawarar gina babbar hanyar da ta haɗa Liverpool da yankin Manchester, wadda ake kira East Lancashire Road. Ana ɗaukar ta hanya ta farko a Birtaniya da aka gina musamman don haɗa manyan birane biyu a zamanin mota.

Gidajen da ake haɗawa kamar akwati

Babbar damuwar Liverpool a lokacin ita ce muhalli. Dubban iyalan ma'aikatan tashar ruwa na zaune a ƙuntatattun lunguna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, babu iska, babu tsafta, cututtuka na yawo. Gina gida da bulo ɗaya bayan ɗaya yana cin lokaci da kuɗi.

Brodie ya gwada wata hanya. A zuba bango sukutum na kankare a masana'anta, da gurbin ƙofa da taga a jikinsa, a bar shi ya bushe, a ɗauko shi a kai wurin gini, a ɗaga a haɗa da sauran. Cikin kayan haɗin kankaren har da gawayin da ke saura bayan an ƙona sharar birni, abin da da zubarwa ake yi.

A 1905 aka kammala benen farko da wannan dabara a titin Eldon da ke Liverpool. A shekarar ya kai samfurin gida ɗaya baje kolin gidaje masu sauƙin kuɗi a garin Letchworth, kuma wannan gidan yana tsaye har yau.

Dabarar ba ta samu karɓuwa sosai a Birtaniya a zamaninsa ba. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da birane suka rushe, miliyoyin mutane suka rasa matsuguni, aka rungumi gini da allunan kankare a ƙasashe da dama, musamman a gabashin Turai. Benen titin Eldon kuwa an rushe shi a 1964.

Daga Mersey zuwa Delhi

A watan Disamban 1911 Sarki George na Biyar ya sanar cewa za a ɗauke babban birnin mulkin mallakar Birtaniya a Indiya daga Kalkata zuwa Delhi. A 1912 aka kafa kwamitin mutum uku don zaɓen wuri da tsara sabon birnin: George Swinton a matsayin shugaba, mai zanen gine-gine Edwin Lutyens, sai Brodie.

Sunan Lutyens ne ya fi fita, domin shi ya zana fadar da a yau shugaban ƙasar Indiya ke zaune a ciki. Aikin injiniya a irin wannan kwamiti ba ya ɗaukar ido: inda ruwan sama zai bi, inda tituna za su ratsa, ko ƙasar wurin za ta yi lafiya ga mazauna. Kwamitin ya tsayar da shawara kan filin da ke kudu da tsohon birnin, a kewayen tudun Raisina, kuma a nan aka gina New Delhi.

Birni ne da 'yan mulkin mallaka suka gina don nuna ƙarfinsu, amma shekara 16 kacal suka yi a cikinsa bayan buɗe shi a 1931, Indiya ta samu 'yanci a 1947 ta gaje shi. An gayyaci Brodie bikin buɗewar saboda rawar da ya taka.

A gida ma abokan sana'arsa sun karrama shi. Ya shugabanci ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Birtaniya daga 1920 zuwa 1921.

Hanya a ƙarƙashin kogi

Aikinsa mafi girma ya zo ne a ƙarshen rayuwarsa. Kogin Mersey ya raba Liverpool da garin Birkenhead. Jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashin kogin tun 1886, amma motoci da kekunan doki sai su yi dogon layi suna jiran jirgin fito. Da motoci suka ƙaru bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, layin ya zama abin da ba za a iya jurewa ba.

An fara haƙa hanyar mota a ƙarƙashin kogin a watan Disamban 1925. Sir Basil Mott ne babban injiniyan aikin, Brodie kuma ya bar kujerarsa ta birni ya zama abokin aikinsa. An haƙo daga gaɓa biyu, ramukan suka haɗu a ƙarƙashin kogin a watan Afrilun 1928.

Kimanin mutum 1,700 ne suka yi aikin, 17 daga cikinsu suka rasa rayukansu. An kashe kusan fam miliyan takwas. Da aka gama, tsawon hanyar ya haura kilomita uku, kuma a lokacin babu hanyar mota ta ƙarƙashin ruwa da ta kai ta tsawo a duniya.

Ranar 18 ga Yulin 1934 Sarki George na Biyar ya buɗe ta, aka sa mata suna Queensway. A wannan rana ce kuma sarkin ya buɗe East Lancashire Road. Manyan ayyuka biyu da Brodie ya daɗe yana fafutuka a kansu suka fara aiki rana ɗaya.

Wata huɗu bayan haka, a watan Nuwamban 1934, ya rasu a Liverpool yana da shekara 76. An rawaito cewa duk da waɗannan ayyuka, ragar ƙwallo ce ƙirƙirar da ya fi alfahari da ita.

Abin da raga ta kasa warwarewa

Ragar Brodie ta kashe gardama ɗaya, wato ko ƙwallo ta ciki ta bi ko ta waje. Akwai wata da ta bari. Doka ta ce ba a ci ba sai ƙwallon gaba ɗayanta ta tsallake layi, tsakanin turaku biyu, ƙarƙashin sandar sama. Ƙwallon da ta doki sandar ta faɗo ƙasa ta yi tsalle ta fito ba ta taɓa raga, don haka ragar ba ta da abin cewa.

Irin wannan ce Geoff Hurst ya buga wa Jamus ta Yamma a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1966 a Wembley. An ba Ingila ƙwallon, kuma Jamusawa ba su daina musu a kanta ba.

'Yan Najeriya ma sun ɗanɗana. A wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Legas a watan Fabrairun 2000, bayan an tashi 2-2 da Kamaru, Victor Ikpeba ya buga fenaritinsa ta doki sandar sama ta faɗo. Hoton talabijin ya nuna ta tsallake layi, amma ba a ba shi ba. Kamaru ta ɗauki kofin da ci 4-3.

A 2010 a Afirka ta Kudu abin ya juyo kan Ingila, aka hana Frank Lampard ƙwallon da ta shiga ƙarara a wasansu da Jamus. Wannan ya taimaka wajen sa hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta amince da na'urar tantance tsallake layi a 2012, aka kuma yi amfani da ita a Kofin Duniya na 2014 a Brazil. Kyamarori ke bin ƙwallon, agogon hannun alƙali ya sanar da shi cikin daƙiƙa guda. Tunanin dai na Brodie ne: a samar da shaidar da ba ta goyon bayan kowa.

Ita kanta ragar sai an kula da ita. A watan Oktoban 2013 a gasar Jamus, Stefan Kiessling na Bayer Leverkusen ya sa kai ƙwallo ta bi ta waje, ta shige ta wani rami a gefen ragar Hoffenheim, ta kwanta a ciki. Alƙali ya ga ƙwallo a raga ya ba da ci. Gudun irin haka ne ya sa mataimakan alƙali ke zuwa su jijjiga raga su duba ta kafin a take wasa.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a dokokin ƙwallo na duniya raga ba tilas ba ce. Abin da doka ta wajabta shi ne turaku biyu da sandar sama, farare, kaurinsu bai wuce santimita 12 ba, a kafe su da kyau don kada su faɗo kan mutum. Raga an yarda a ɗaura ne, muddin ba za ta takura wa mai tsaron gida ba, sai dai dokokin gasa su wajabta ta. Idan kuma sandar sama ta karye aka kasa gyarawa, dole a tashi wasan. Igiyar da ita ce doka a 1866, yau an hana a maye gurbin sandar da ita.

Abin da ya bari

A Liverpool akwai titi mai suna Brodie Avenue, akwai kuma allon tunawa da aka manna a gidan da ya zauna a titin Ullet. Dubban motoci na bi ta Queens Drive da Queensway kullum, galibin direbobin ba su san sunan wanda ya tsara su ba.

Ragar kuwa ta je inda bai taɓa zuwa ba. Ranar 21 ga Yunin 1994 a birnin Dallas na Amurka, Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a tarihin Kofin Duniya, a wasan da ta doke Bulgeriya 3-0. Bai ruga wajen 'yan kallo ba. Ya bi ƙwallon har cikin gida, ya cusa hannuwansa cikin ragar ya riƙe ta yana kuka yana ihu. Wannan hoto na cikin waɗanda aka fi tunawa da su a tarihin ƙwallon Afirka, kuma abin da ke hannun Yekini a cikinsa shi ne aljihun da wani injiniya ya zana shekara 105 kafin ranar, saboda an hana ƙungiyarsa ƙwallo.

A filayen unguwanni da makarantu da dama har yanzu turaku ne kawai a tsaye, wani wurin ma duwatsu ne. A can gardamar Anfield ta 1889 tana nan da ranta kowace yamma, kuma takan ƙare ne ranar da matasan unguwa suka yi karo-karo suka sayo raga.